Ranar da Orval Tucek Ya Tsallaka Titi

A garinmu, Pruitt, can yammacin Nebraska, ba fuskar mutum ake fara ganewa ba, motarsa ake ganewa. Tun daga nesa, da ka hango a-kori-kura ta taso a hanyar burji, ka san mai ita, ka san daga gona yake ko daga gidan surukai. In kuka zo gittawa, kowa sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari ba tare da ya saki ba, an gaisa ke nan. Yatsa biyu na aminai ne. Wanda ya ɗaga hannu gaba ɗaya kuwa, in ba baƙo ba ne to ƙuri'a yake nema. Duk faɗin gundumar nan ban san mutumin da aka fi ɗaga wa yatsa kamar Orval Tucek ba, kuma ba abin mamaki ba ne, don rabin motocin da ke gaishe shi daga hannunsa suka fito.

Ni ce Twila, mai gidan abincin da ke ƙarshen babban titi, daidai inda ya rabu biyu. Ta tagata ina hango filayen sayar da motoci biyun da muke da su. A hagu na Ford, inda Orval ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana dillanci. A dama na Chevrolet, mallakar Dwight Haskell. Titin da ke tsakaninsu ba wani faɗi gare shi ba, amma tun da nake ban taɓa ganin Orval ya taka ɗaya gefen ba. Kowace safiya kowannensu zai biyo ta nasa ɓangaren, su haɗu a teburin jikin taga, su ci fanke da ƙwai, su sha kofi, su ci mutuncin juna, sannan kowa ya koma ta inda ya fito. Ranar da ɗaya bai zo ba, ɗayan ba ya iya cinye abincinsa. In ka kuskura ka faɗa musu haka, sai su haɗu su ci naka mutuncin.

Son Ford gado ne a gidan Tucek. Mahaifin Orval, Emil, bai taɓa tuƙa wata ba, kuma da ya rasu a bayan tasa aka ɗora akwatin gawar zuwa maƙabarta, Orval ne a sitiyari. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Orval ya fito dogo, ƙato, mai muryar da ake ji tun daga bayan shago, da hular hana-sallah mai shuɗin tambari wadda sai a coci ake ganin abin da ke ƙarƙashinta. Ba wani abin kirki ba ne ma a ƙarƙashin, sanƙo ne.

Salon cinikinsa kowa ya san shi, kuma duk da haka kowa yana faɗawa. Ba ya yabon inji, ba ya zancen farashi. Ƙofa kawai yake buɗewa ya ce, "Hau ka ji." In mutum ya hau, sai ya rufe masa ƙofar, ya koma gefe, ya zuba hannu a aljihu, ya yi shiru. Ya taɓa gaya mini sirrin. Ya ce, "Twila, namiji in ya zauna can sama ya ga rufin motar maƙwabcinsa, ciniki ya faɗa. Ni biro kawai nake miƙa masa." Kowace shekara motocin na ƙara tsawo da faɗi, shi kuma yana ƙara jin daɗi. Shi ne ya matsa wa mai filin lamba har aka daina kawo ƙananan motoci kwata-kwata. Wai duk motar da ba za ta ja tirelar shanu ba kayan wasan yara ce, ta yi zamanta a birni.

Matarsa Lorna ƙawata ce tun muna makaranta, 'yar siririya mai sanyin murya da kaifin baki. A cikin tsohuwar a-kori-kurar babansa Orval ya nemi aurenta, irin ta da ɗin nan mai doguwar kujera ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa. A zamaninmu, in yarinya ta zauna jikin ƙofa, to rage mata hanya kawai aka yi. In ta matso tsakiya har kafaɗarta na taɓa ta direba, to mutanen gari su fara tanadin kayan biki. Lorna ta matso tun a fita ta biyu, kuma uwarta ta ji labari kafin su dawo.

Tun daga lokacin, kowace Lahadi bayan coci sai sun fita zagaye. Ba wani wuri suke zuwa ba. Hanyar burji suke bi a hankali har bakin kogi suna leƙen gonakin mutane, Orval na ɗaga yatsa, Lorna na sharhi: wane ya makara da shuka, wane shingensa ya faɗi bai gyara ba, wance ta yi shanya ranar Lahadi. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙorafi ba. Wannan zagayen shi ne abin da suke tattali tare. Abu ɗaya ne kawai ya canza a tsawon shekarun. Sababbin motocin sun zo da kujeru biyu a gaba, da wani ƙaton akwati a tsakiya na ajiye kofuna da tarkace, kuma duk sabuwar da Orval ya canza sai akwatin ya ƙara faɗi. Lorna takan ce, "Maigida, nan gaba in ina son magana da kai sai dai in buga maka waya." Shi kuma sai ya yi dariya ya nuna mata inda ake cajin wayar.

Sai kasuwa ta fara sanyi. Ba rana ɗaya ta tsaya ba, a hankali ta riƙa ja da baya. Farashin sabuwar a-kori-kura ya kusa kamo na ƙaramin gida a Pruitt, kuɗin ruwan banki ya hau, masara ba ta yi daraja ba, fetur kuma kun san halinsa. Manoma suka gano ashe tsohuwar tasu za ta iya ƙara shekara, sannan ta ƙara wata. Matan da a da ba sa kallon komai sai ƙatuwar jif mai layin kujeru uku suka fara dawowa daga birni da 'yan madaidaita marasa shan mai. Orval bai fasa buɗe ƙofa yana cewa "Hau ka ji" ba. Mutum zai hau, ya ji, ya sauko, ya karanta farashin da ke manne a gilashi, ya ce zai yi shawara da iyali. A garinmu in namiji ya ce zai yi shawara da iyali, an rabu ke nan. Motoci suka jeru a filin, dusar ƙanƙara ta sauka a kansu ta narke suna nan, har wata kyanwa ta haihu a ƙarƙashin wata ja, 'ya'yan suka yi wayo a wurin.

Na Dwight ma haka suke jere, amma wannan bai hana shi baki ba.

"Barka da asuba, mai gadi," ya ce wata safiya, tun Orval bai zauna ba. "Yaya dabbobin? Kullum ina ganinka kana wanke su kana shafa su. Kiwo ka koma ne?"

"Gara ni, wanke su nake yi," in ji Orval. "Kai naka har ciyawa ta fara fitowa a gindin tayoyi. Jiya na ga wata saniya ta tsaya tana kallon filinka, yawunta na zuba."

"Ai ta san abu mai kyau. Ita kaɗai ta tsaya a titin nan duk makon, kuma ba gefenka ta tsaya ba."

"To ka sayar mata mana. Hankalinsu ɗaya da masu sayen naka."

"Haba tsoho, ka ji tsoron Allah! Fada na cocinku ma Chevrolet yake tuƙawa."

"Shi ai aikinsa ke nan, jan waɗanda kowa ya guda a jika."

Na zuba musu kofi, na ce in ba za su ci ba su tashi, akwai masu jiran tebur. Duk shagon babu kowa sai su biyu.

Kendra, 'yar mai filin Ford wadda ta gaji wurin bayan mahaifinta, ta so ta fara kawo ƙananan motoci. Ta ce masa, "Baba Orval, in kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza." Ya ce mata tun tana cikin zanen goyo yake wannan rawar, lokaci ne kawai, zai wuce. Ta ƙyale shi, don tana ganin girmansa.

Ana cikin haka ne Lorna ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidansu, ta karye a ƙugu. Aka yi mata tiyata a birni, ta dawo da sanda. Kafin bazara ta warke, tana girki, tana takawa zuwa coci tunda gidansu na bayansa, bakin ma ya dawo daidai. Abu ɗaya ne ya gagara, hawa motar Orval. Wadda yake tuƙawa a lokacin wata fara ce ƙal, in Lorna ta tsaya a jikinta kujerar a ƙirji take kai mata.

Ba za a ce Orval bai yi ƙoƙari ba. Ya fara kawo akwatin katako ta taka, akwatin ya goce. Ya sa maƙeri ya haɗa masa 'yar matakala ta ƙarfe har da abin riƙewa, wadda sai ƙarti biyu ke iya sauke ta daga bayan motar. Wata Lahadi ya ce ai shi ba a banza ya yi girman jiki ba, ya sunkuci matarsa zai ɗora, bayansa ya riƙe, aka yi kwanaki ita ke jinyarsa da sandarta. Da ya miƙe sai ya kawo shawarar gangaren da ake loda shanu a tirela, wai ya faka motar a jikinsa ta biyo ta kai ta shiga. Lorna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "In na hau sai ka maƙala mini lamba a kunne ko?" Maganar gangare ba ta sake tasowa ba.

Daga nan sai ciwon kai ya fara kama Lorna kowace Lahadi bayan coci. Orval ya fita shi kaɗai sau ɗaya, bai kai kogi ba ya juyo. Bayan haka sai dai a gan shi zaune cikin farar motar a ƙofar gida, rediyo na yi, inji a kashe. Ya yarda da zancen ciwon kan, don shi mutum ne da in ka ce masa kanka na ciwo, to kanka na ciwo. Abin ya dame ni ƙwarai. Mutane biyu da ba su da wani abu sai wannan zagayen, ga shi yana neman suɓuce musu, kuma kowannensu na ganin kamar yana kyautata wa ɗan'uwansa ne da ya yi shiru.

Na ɗauki kek ɗin tuffa na tafi gidan wata ranar Talata, lokacin da na san yana wurin aiki.

"Ke Lorna," na ce, "wannan ciwon kan naki da ya san ranar Lahadi, wane iri ne? Ko shi ma coci yake zuwa?"

Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Ta ce, "Twila, tsoro nake ji. Hawan ma da sauƙi, saukowar ce. In na leƙo ƙasa sai in ga kamar daga rufin ɗaki zan diro. Likita ya ce in na sake faɗuwa, sai keken guragu."

"To ki faɗa masa mana. Bakinki ai bai karye ba."

"In ce masa me? Mutumin da duk gari ya daina hawa motarsa, ni ma in ce na daina? Kin ga yadda yake dawowa gida kuwa? Ko labarin ciniki ba ya yi." Ta share fuska da gefen rigarta. "Rabona da ganin kogi tun kaka. Ban san wa ya shuka me ba bana, sai dai in ji a bakin mutane kamar wata baƙuwa. Kin san abin da nake mafarkinsa? Kar ki yi mini dariya. Buick ɗin marigayiya Odell."

Ban yi dariya ba, amma da ƙyar. Odell Prather ita ce mai kaɗa mana fiyano a coci har ta tsufa, ta rasu a hunturun nan. Motarta wata tsohuwar Buick ce mai launin shayi da madara, tsaf kamar ba a taɓa shigarta ba. Shekaru tana ɗaukar Lorna a ciki zuwa birni sayen zaren saƙa. "Juyawa kawai kike yi ki zauna," in ji Lorna, "kamar kujerar falo." Matsalar guda biyu ce. Buick 'yar gida ɗaya ce da Chevrolet, kamfani ɗaya ke ƙera su, kuma magada sun kai motar filin Dwight, tana can a ƙarshen layi tana jiran mai saye.

Lorna ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Na yi, kuma na riƙe shi har washegari da safe.

Na tare Orval kafin Dwight ya iso. Na ce, "Kai dai ga girman jiki, amma ba ka gani. Matarka ba ciwon kai take yi ba, tsoron tsaunin nan da kake kira mota take yi, ta kuma ƙi faɗa don kar ranka ya ɓaci." Na zayyane masa komai, har da Buick ɗin. Ya cire hular, abin da ban taɓa gani a shagona ba, ya daɗe yana jujjuya ta. Can ya ce, "Akwai ƙananan Ford a birni."

Ya je kuwa, ya dawo da wata 'yar ja mai ƙofa biyu, wai a gwada. Wannan kuma ta cika kwanciya a ƙasa. Lorna ta shiga lafiya, fitowa ta gagara, sai da maƙwabta suka taimaka. Tana samun ƙafafunta a ƙasa ta aiko mini da saƙo wai bakina kwando ne, ba ya riƙe ruwa. Orval ya mayar da motar, ya yi kwanaki yana cin fanke ba ya tanka wa Dwight, har Dwight ya tambaye ni a ɓoye ko mutumin ba shi da lafiya ne.

Ranar Alhamis, bayan karin kumallo, kowa ya koma ta gefensa kamar kullum. Ina share tebur sai na hango Orval tsaye a bakin titi. Ya cire hular ya ajiye a kan farar motarsa. Ya duba hagu, ya duba dama, alhali ko keke babu a titin. Sannan ya sa ƙafa. Mai aski ya fito ƙofar shagonsa da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da zane a wuya. Kendra ta manna fuska a gilashin ofis. Ni kuwa na suri butar kofi na bi bayansa, wai zan kai wa Dwight, mutumin da bai daɗe da shan kofi uku a gabana ba.

Dwight ya fito yana murza hannu, bakin nan har kunne.

"Lale marhabin da babban baƙo! Yallaɓai ɓatan hanya ka yi, ko tuba ka zo yi?"

"Buick ɗin Odell," in ji Orval, idonsa a ƙasa. "Kuma in ka yi surutu da yawa zan koma."

Dwight ya ja shi har ƙarshen layi. Ya buɗe ƙofar direba a hankali, ya ɗan rusuna, ya ce, "Sauka ka ji." Orval ya harare shi, ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga. Dwight ya rufe masa ƙofar, ya koma gefe, ya zuba hannu a aljihu, ya yi shiru. Wanzami ba ya son jarfa. Ina kallon wuyan Orval yana yin ja ta cikin gilashi, idanunsa daidai da tayoyin manyan motocin da ke jere a gabansa.

Da ya sauke gilashin, Dwight ya sunkuya, muryarsa ta canza. "Yaya jikin Lorna?"

"Don ita ce."

"Na sani. Na gan ta ranar nan ta tsaya da sandarta tana leƙen cikin motar, ta ɗauka ba wanda ke kallo. Mutum biyu sun taya bayan nan, na ce musu an riga an saya."

"Wa ya saya?"

"Wani tsoho mai taurin kai. Jira nake ya tsallako."

Orval ya shafa sitiyarin. Sannan ya ce, "Za ka iya cire mata tambarin?"

"In cire? Ai yanzu ma zan sa a goge shi ya riƙa ƙyalli tun daga nesa."

Ranar Lahadi Lorna ta ce lallai sai na bi su, tunda ni na haɗa wannan rigimar in zo in ga ƙarshenta. Na shiga baya. Ita kuwa ta juya ta zauna kamar yadda ta faɗa, ba matakala, ba akwati, ta ɗora sandarta a gefe ta ja ƙofa. Muka hau hanyar burji. Fuskar Lorna na jikin taga, kallon gonaki kawai take yi kamar mai ƙishirwa ta samu ruwa.

Abin da duk muka manta shi ne yadda marigayiya Odell take tuƙi. Hannu biyu take ƙanƙame sitiyari, hanci na kusan taɓa shi, ta bi tsakiyar hanya, kuma ba ta taɓa amsa gaisuwar kowa ba don ba ta da yatsan da za ta iya sakewa. Shekara da shekaru mutanen gundumar nan sun koyi darasi: in ka hango motar nan mai launin shayi, ka gangara gefe, ka tsaya, ka bar ta ta wuce.

Na farkon da muka haɗu da shi Merle Janda ne, manomin da duk motar da ya taɓa mallaka Orval ne ya sayar masa. Orval ya gyara zama, ya ɗaga yatsa. Merle ya gangara gefe har tayarsa na taɓa ciyawa, ya tsaya, idonsa na kan madubinsa kar a goge masa. Na biyu ma haka. Na ukun wani dattijo ne da ya halarci jana'izar Odell, yana ganin motar ya taka birki, ya yi alamar gicciye a ƙirji.

"Ni ne fa!" Orval ya daka tsawa, gilashi a rufe. "Ni na sayar maka da motar da kake ciki, ɗan butulci!"

Na yi dariya har na riƙe ciki, amma da na ga fuskarsa a madubi dariyar ta tsaya. Yatsan na nan a ɗage a kan sitiyari, ya manta bai sauke ba. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa bin hanyar nan ba a gaishe shi ba, yau motoci na wucewa ta samansa ba mai ko leƙowa. A hankali ya ce, "Kamar ni ne na mutu." Na ji tausayinsa har cikin raina. Da muka zo wata ƙofar gona sai ya rage gudu, ya fara karkata sitiyari. "Mu koma gida haka nan," ya ce. "Kin ga gonakin ai."

Na san in motar nan ta juya yau, Lahadi mai zuwa shi ne zai yi ciwon kai.

"Tsaya tukuna," in ji Lorna.

Ya tsaya. Ta kwance bel ɗinta. Ta kama wani ɗan matashin jingina hannu da ke tsakaninsu ta tura shi sama, ya shige cikin kujerar. Sai a lokacin na lura ashe Buick ɗin Odell irin ta da ce, doguwar kujera ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa. Lorna ta dafa gaban motar, ta cije leɓe, ta ja jiki kaɗan, ta huta, ta sake ja. Orval ya miƙa hannu zai taimaka, ta buge hannun. Ba ta tsaya ba sai da kafaɗarta ta jingina da tasa. Ta lalubo bel ɗin tsakiya, wanda ina jin tun da aka ƙera motar ba a taɓa ɗaura shi ba, ta ɗaura.

"Ja mu je kogi, saurayi," ta ce. "Uwata ba ta nan balle a kai mata labari."

Ba zan ɓoye ba, kuka na yi a kujerar baya, da hancina da komai. Orval ya saki birki. Ya miƙe sitiyarin, ya ɗora hannun dama a bayan kafaɗarta, muka ci gaba. Ba mu yi nisa ba bakin Lorna ya buɗe. Wai layukan masarar Merle Janda sun karkace kamar da daddare ya shuka, wai wance ta yi wa rumbu fenti ta bar gidan da take kwana. Orval na ta dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin kasuwa ta yi sanyi.

Muna dab da kogi sai ga baƙar Chevrolet ɗin Dwight ta taso. Shi kaɗai ne a duk gundumar ya san wanda ke cikin Buick ɗin. Bai gangara gefe ba. Ya rage gudu, ya sunkuyo da kai, kuma da idona na ga ya ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari, ya riƙe su a sama har muka gitta. Orval ko motsi bai yi ba, kansa na karkace wajen Lorna yana sauraron zancen wani shinge. Don kar Dwight ya tafi da kunya, ni na ɗaga masa hannu gaba ɗaya daga baya kamar mai neman ƙuri'a.

Ranar Litinin Dwight ya riga kowa zuwa, ya zauna yana huci. Orval na shigowa, da hular Ford a kansa da makullin Buick a hannu, ya tare shi.

"Kai wane irin mutum ne? Shekara arba'in ban taɓa ɗaga maka ko ɗan ƙaramin yatsa ba. Jiya na ɗaga maka biyu, biyu fa, a gaban shaida, ka share ni!"

Orval ya ja kujera ya zauna, ya dube shi da mamaki na gaskiya.

"Jiya? Ka bi hanyar kogi jiya?" Ya juyo wajena, na gyaɗa masa kai. Ya ɗan yi murmushi, ya jawo farantin fankensa. "Ka yi haƙuri, mutumina. Na rantse ban ga kowa a hanyar nan ba."